Littafin aiki: abin da ƙwayar boris ke yi wa siririyar roba

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Saboda ɗan yayata na buɗe wannan littafi. Yana koyon walda a Tsohuwar Panteka, nan Kaduna. Makonni uku da suka wuce faifan yankan ƙarfe ya fashe a hannun ogansa, wani ɓari ya yi tsalle ya same shi a fuska. Yana sanye da tabarau, kuma tabaran ne ma ya ji masa ciwo: ya tarwatse, wani tsini ya shiga ƙasan idonsa na hagu, sai da aka yi ɗinki. Allah ya tsare idon. Da na je dubiya, Yaya ta miƙo mini ragowar tabaran a ƙulle cikin leda ta ce, "Kai da kake aikin gwaje-gwaje, duba mini wannan abin da suka sayar wa yaro."

Kwana biyu ina jujjuya ɓaraguzan a kan tebur. Roba ce mai haske, kaurinta bai kai milimita 2 ba, ta karye da baki mai kaifi kamar kwalba. Ba tambari, ba lamba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ake gwada irin wannan kaya a kasuwa: a danna da yatsa, a ƙwanƙwasa da farce, a ce "wannan mai kyau ne, ranka ya daɗe". Hannu kuwa a hankali yake aiki. Faifai mai faɗin milimita 115 da ke juyawa sau 11,000 a minti, bakinsa yana gudun kusan mita 66 a sakan ɗaya. Abin da ya ɓalle daga wurin da irin wannan gudun yake tahowa.

Kowa ya san kwalta. Bar ta a rana cikin durom za ta malale kamar zuma, ɗauko dunƙulenta da sanyin safiya ka buga da guduma sai ta fashe. Roba ma haka take, sai dai tana ɓoye halinta. Cikinta dogayen zarurruka ne a hargitse, kamar zaren da yara suka ɓata wa masaƙi. In ka ja a hankali sai su sami damar zamewa su miƙe. In ka buga da sauri babu wannan damar, wasu robobin su ƙage su karye, wasu su lotsa su riƙe. Wacce ce wacce, shi nake son gani da idona.

Ma'aunin da zan bi na Turai ne, EN 166. Ana harba ƙwayar ƙarfe mai faɗin milimita 6, nauyin giram 0.86. Mataki na F mita 45 a sakan, na B mita 120, na A mita 190. Na Amurka, ANSI Z87.1, ya yi kusa da F: ƙwayar milimita 6.35 a kan mita 45.7. Na lissafa ƙarfin bugun F, jul 0.87 ne kacal. Kamar ka saki dutse mai giram 90 daga tsayin mita ɗaya. Kamar wasa, amma duk ƙarfin a kan ɗigo ɗaya yake sauka, kuma kafin ƙiftawar ido.

Laraba, 20 ga Nuwamba

An ba ni izinin amfani da kusurwar ɗakin gwaji bayan tashi daga aiki, an kuma haɗa ni da wata ɗalibar shekarar ƙarshe da ke neman aikin kammala karatu. Mun haɗa akwatin ƙarfe mai murfi, ƙarshensa buhun yashi da guntun tsohuwar katifa. Iska daga ƙaramin kwamfuresa irin na mai faci, ƙwayoyin boris kuwa daga wurin masu gyaran keke.

Ta kawo shawarar mu yi tankin iskar da bututun PVC na famfo tunda yana da araha. Na ƙi. Ruwa ba ya matsuwa, in bututu ya fashe sai dai ya jiƙa ka. Iska kuwa tana tara ƙarfi, kuma PVC idan ya fashe da ita tarwatsewa yake yi da tsinaye. Ka ga abin da muka zo bincika ya so ya fara da mu. Ƙarfe muka yi amfani da shi.

Doka ta farko a ɗakin: ba a harbi sai murfi na rufe. Ta biyu: kada wanda ya kira abin nan bindiga, balle a cikin Keke Napep. Saboda ƙarar da yake yi mun sa masa suna Mai Tari.

Litinin, 2 ga Disamba

Auna gudun ya fi haɗa Mai Tari wahala nesa ba kusa ba. Da farko na ɗauka kyamarar waya za ta yi. Hoto 240 take ɗauka a sakan, wato tsakanin hoto da hoto ƙwayar ta yi tafiyar kusan santimita 19. A hoto ɗaya ba ta iso ba, a na gaba ta wuce. Mun yi dariya mun ajiye wayar.

Yanzu ƙofofin haske muke amfani da su. Biyu kafin samfuri, biyu bayansa, tsakanin kowane biyu santimita 10. Ƙwaya na gitta haske sai Arduino, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, ya ɗauki lokaci. A mita 45 cikin sakan, tafiyar santimita 10 milisakan 2.2 ce. Agogon Arduino Uno yana ƙirga da tsallen maikirosakan 4, wannan bai dame ni ba.

Abin da ya dame ni shi ne na'urar ta riƙa ba da lamba ba tare da an harba komai ba. Kwana uku ina zargin haɗin wayoyina, na kwance na sake ɗaurawa har sau biyu. Ɗalibar ce ta ce, "Malam, ni fa na lura in an ɗauke wuta muna kan batir ba ta yi." Ashe fitilar silin ce. Wutarmu tana juyawa sau 50 a sakan, doguwar fitilar nan tana ƙyaftawa sau 100, ido ba ya gani amma na'urar tana gani. Mun rufe ƙofofin da baƙin kwali, shi ke nan. Saura ƙurar hunturu, wadda sai an goge idanun na'urar da auduga kafin kowane zama.

Alhamis, 12 ga Disamba

Yau muka fara harbi na gaske, da ledar fiya wata. Polietilin ce, na auna kaurinta ya kama tsakanin maikiron 60 da 70, kusan kaurin gashin kai. Na san ba za ta tare komai ba. So nake in ga yadda take mutuwa.

Kafin harbi na sa ɗalibar ta tura ƙwayar cikin ledar da sanda, a hankali. Ledar ta bi ƙwayar, ta miƙe ta yi dogon hanci kamar mazurari, ta yi fari, sannan ta ɓule. Duk faɗin ledar ya motsa, har gefen da aka ɗaure ya yi tattara. Da muka harba, hoton ya sauya. Hancin gajere ne, farin ya tsaya a ɗan zobe kewaye da ramin, sauran ledar kuwa sumul kamar ba a taɓa ta ba. Labarin bugun bai isa gefe ba ƙwayar ta riga ta wuce. Wannan ne darasi na farko da na gani ƙuru-ƙuru: a gudu, ɗan yankin da ke ƙarƙashin ƙwaya da maƙwabtansa na kusa su kaɗai ke ɗaukar nauyin, na nesa ba su ma ji kira ba. Shi ya sa masu ƙera sulke suke damuwa da saurin tafiyar igiyar girgiza a cikin zare. Kevlar, wanda ya fito daga aikin Stephanie Kwolek a kamfanin DuPont a 1965, ba ƙarfi kawai ya fi leda ba, yana kuma kai saƙon bugu nesa cikin sauri, sai zare mai yawa ya shigo taimako.

Wani abu da ya ba ni sha'awa: ramin ya fi ƙwayar ƙanƙanta. Na ɗora ƙwayar a kai ta ƙi faɗawa. Ledar ta buɗe, ta bar ta ta wuce, sannan ta ɗan koma. Akwai wata roba mai suna Surlyn, da ake rufe ƙwallon golf da ita, wadda aka san tana toshe ramin harsashi gaba ɗaya: zafin bugun ya narkar da bakin ramin, robar ta dawo ta haɗe. Ledarmu ba ta kai nan ba, amma dangin halin ne.

Matsala ita ce lambobi. Ledar da ke ƙarƙashin ƙwayar nauyinta bai kai miligiram 2 ba, ƙwayar kuwa miligiram 860. Ragin gudun ƙanƙane ne har yana neman ɓacewa cikin kuskuren awonmu. Dole mu jera leda goma-goma.

Masana'antun leda ma suna da gwajinsu, ASTM D1709, inda ake sakin ƙarfe mai zagayayyen kai, faɗin milimita 38, daga tsayin santimita 66. Yana sauka da gudun mita 3.6 a sakan. Ya isa ya gaya maka ko buhu zai jure faɗuwa daga mota. Namu ya ninka shi gudu fiye da sau goma sha biyu, kuma ba tambaya ɗaya muke yi ba.

Asabar, 28 ga Disamba

Ba abin kirki. Bawul ya fara yoyo, ɗaliba ta tafi hutu, ni kuma mura ta kwantar da ni. Na dai yanka gorunan ruwa guda ashirin na danne su ƙarƙashin littattafai don su miƙe.

Talata, 14 ga Janairu, 2025

Na shigo yau da fahariya, na fita da kunya.

A cikin kwalin tsofaffin kaya na sami faifan sidi da gidansa. Na ce wa ɗalibar ga darasi kyauta: gidan polistirin ne, faifan kuma polikabonet mai kaurin milimita 1.2, robar da ake yin tabarau na kariya da garkuwar 'yan sandan kwantar da tarzoma da ita. Na ce gidan zai tarwatse, faifan zai lotsa kawai.

Gidan bai ba ni kunya ba. Ƙwayar ta wuce, tsaga ta fita daga ramin ta ko'ina kamar ƙafafun gizo-gizo, ƙasan akwati ya cika da tsinaye. Na ɗauko ragowar tabaran ɗan yayata na ajiye kusa da su, kamar an tsaga kara.

Sai faifan. Shi ma ya tsage. Muka sake da wani, ya tsage daga wurin bugu har ramin tsakiya. Na uku wani ɓari ma ya fita. Ɗalibar ba ta ce komai ba, ta dai sunkuyar da kai tana rubutu, wanda ya fi magana ciwo.

Da daddare na zauna na yi karatu, sai na gane inda na yi tuntuɓe. Sunan sinadari ɗaya ne, tsawon zaren ne ya bambanta. Polikabonet na faifai da gangan ake yin sa da gajerun zarurruka, don in ya narke ya kwarara ya cika ƙananan ramukan da ke ɗauke da bayanai. Gajeren zare ba ya sarƙewa da 'yan uwansa sosai, ana ja sai ya zare. Dogon zare kuwa ya ratsa ta nan ya ɓullo ta can, kafin ka cire shi sai ka ja rabin unguwa. A 2019 Edwin Chan da abokan aikinsa a cibiyar ma'auni ta Amurka, NIST, sun nuna haka a kan siraran fallayen polikabonet: gwargwadon yawan sarƙewar zare, gwargwadon ƙarfin bugun da falle ke shanyewa. Na san da maganar tun a aji. Ban taɓa tunanin faifan wa'azin da ke ɗakina zai karanta mini ita ba.

Wannan ya rushe mini wani buri. Na so in ƙare da gaya wa masu walda "ku nemi polikabonet" kawai. Yanzu da sauran rina a kaba.

Juma'a, 24 ga Janairu

Babu harbi a makon nan, karatu na yi, kuma ya kai ni wurin da ban zata ba.

Akwai wata dabara da Jae-Hwang Lee da Edwin Thomas da abokan aikinsu na jami'o'in MIT da Rice a Amurka suka fito da ita wajen 2012, ana kiranta LIPIT. Mai Tari ce, amma ta ƙurar gari. Ana haska lesa a kan siririn shafen zinare, wurin ya kumbura farat ɗaya, ya cilla ƙwayar gilashi mai faɗin 'yan maikiron da gudun ɗaruruwan mita a sakan. Abin da ake harba wa kuwa falle ne mai kaurin nanomita ɗari ko kusa da haka, wato ya fi ledar fiya wata siranta sau ɗaruruwa. Ana ɗaukar hoton ƙwayar kafin da bayan ta ratsa, a lissafa ƙarfin da ta rasa. Lissafinmu ne sak, girman ne ya bambanta.

Abin mamakin shi ne abin da ƙungiyar Thomas ta ruwaito a 2018 game da polistirin, robar nan da ta tarwatse mini makon jiya. A wannan siranta da wannan gudu ba ta tarwatse ba. Ta miƙe, ta yi zare-zare, ta shanye ƙarfi mai yawa idan aka auna da nauyinta. Dalilin zafi ne. Roba ba ta iya fitar da zafi, ƙarfe ya fi ta fiye da sau ɗari a wannan fanni. Idan aka murɗe ta cikin ƙanƙanin lokaci, zafin da murɗewar ta haifar ba shi da inda za shi, sai ya taru a wurin. Polistirin kuwa yana fara laushi a kusan digiri 100 na Salsiyas. Kenan bugun da kansa ne ya mayar da ita kamar cingam, ta bi ƙwayar tana miƙewa.

To ka ga roba ɗaya da fuska uku. A hannu tana da tauri, a gaban Mai Tari kwalba ce, a gaban lesa danƙo. In na kimanta saurin murɗewar da muke yi da raba gudun ƙwaya da girmanta, muna wajen dubu goma a sakan. Injin da ke jan roba a hankali a ɗakin gwaji yana wajen ɗaya cikin dubu a sakan. Su kuwa masu lesa suna miliyoyi. Duk wanda ya auna a wuri ɗaya ya ce ya san halinta a sauran, ya yi ganganci.

Kuma ina da ƙorafi kan yadda ake yaɗa irin wannan labari. Sai ka ga an rubuta cewa an gano robar da ta fi sulke. Lambar ta yi girma ne saboda an raba da nauyin ɗan mitsitsin yanki, kuma halin ya dogara da sirantar. Ka kaurara fallen ya kai milimita, sai ka koma gidan faifaina. Masu binciken su kansu suna faɗin haka, masu ɗauko labarin ne ke yar da shi a hanya.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mun zubar da sakamakon wata guda. Rubuta wannan ma da ƙyar.

Gorar ruwa, wato PET, ta riƙa ba mu amsa biyu. A gudu ɗaya, wani samfuri ya lotsa ya yi fari ya tare ƙwaya, wani ya ɓule. Na zargi kauri, na auna, bambancin bai kai ya jawo haka ba. Da na jera su a kan tebur bisa kwanan wata sai abin ya fito: waɗanda suka tare duk na ranakun da ɗalibar ta ɗaura ne, waɗanda suka ɓule nawa ne. Ni ina ɗaure kusoshin zoben da ke riƙe samfurin tamau da sifana, ita da hannu take murɗawa. Nata samfurin yana ɗan zamewa daga ƙarƙashin zoben, har ga sawun a gefe, kuma wannan zamewar tana cinye wani kaso na ƙarfin. Ashe ba robar kaɗai muke aunawa ba, har da hannun mai ɗaurawa.

Mun manna takardar yashi a cikin zoben, mun kuma yi wa kowace kusa alama da fenti don ta tsaya wuri ɗaya. Ko waye ya ɗaura, sai ya ja layi da biro a bakin zoben, bayan harbi a duba ko layin ya gusa.

Duk da haushin, na ƙaru. Tabarau ma a cikin firam yake zaune. In firam ya saki gilashin ya tura shi cikin ido, ingancin robar bai amfana komai ba. Na ƙara wannan cikin abin da za mu duba.

Gwajin leda goma ya kammala kafin wannan rikici, kuma shi ma mun sake yin sa. Ɗalibar ta so mu bar tazara tsakanin fallayen, don ta karanta labarin garkuwar da Fred Whipple ya ba da shawara a 1947 don kare kumbon sama jannati: siririn falle a gaba, tazara, sannan bango. Mun gwada, ban ga bambancin da ya wuce kuskuren awonmu ba. Ban yi mamaki ba. Garkuwar Whipple tana aiki ne a gudun kilomitoci cikin sakan, inda tsakuwar da kanta ke rugujewa a falle na farko ta bazu. Ƙwayarmu tana fita daga yashi ko ƙwarzane babu, mu wanke ta mu sake harbawa.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na zagaya kasuwa na sayo tabarau iri shida, kowane guda uku, daga mai arha har wanda sai da na yi tsaki kafin in biya. Mun sassaƙa kan mutum da katako, muka lulluɓe da soso, muka manna farar takarda a gurbin ido don duk abin da ya taɓa ta ya bar shaida.

Iri biyu sun tarwatse a harbin farko, takardar ta yi kaca-kaca. Iri ɗaya gilashin ya riƙe amma ya fice daga firam ya bugi takardar. Iri uku sun tsaya, sai ɗan lotsawa kamar sawun ƙwayar gero a jikin tuwo. Guda uku-uku ba adadin da zan kafa hujja da shi ba ne, kuma Mai Tari ba na'urar hukuma ba ce. Amma ɗaya daga cikin waɗanda suka tarwatse yana ɗauke da rubutun lambar inganci a hannunsa. Rubutu dai ba ya tsada.

Na gwada tantance su da abin da ke hannun kowa. A ruwan gishiri mai kauri polistirin yana tasowa, don nauyinsa 1.05 ne idan na ruwa 1 ne. Akirilik, wata robar mai haske, da polikabonet kuwa 1.18 da 1.20, sun yi kusa da juna har gishiri ba ya raba su. Wuta ta fi faɗin gaskiya: polistirin yana ci da baƙin hayaƙi mai toka-toka, akirilik yana ci da harshe mai haske ba hayaƙi sosai, polikabonet yana wuyar kamawa kuma yakan mutu in ka janye ashana. Cikin biyun da suka tarwatse, ɗaya ya yi halin polistirin, ɗaya na akirilik. Sai dai wane ɗan kasuwa zai bari ka ƙona masa kaya kafin ka saya?

Lahadi, 16 ga Maris

Azumi ya rage mana lokaci, daga hantsi zuwa azahar muke aiki. Zafi kuma ya sauka sosai.

Ɗan yayata ya zo kallon Mai Tari. Tabon ya warke, saura ɗan layi. Yana jujjuya ɗaya daga cikin masu kyan sai ya ce, "Kawu, wannan ai kwana biyu zai yi dusu-dusu. Mu in fenti ko baƙin mai ya ɓata shi da tina muke gogewa, in babu da fetur."

Na ajiye abin da ke hannuna. Polikabonet ba ya shiri da irin waɗannan ruwaye. Suna shiga tsakanin zarurrukan, kuma inda robar take a takure, kamar wurin da firam ya matse ta, sai ƙananan tsagogi su buɗe. Nan take muka ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda suka ci gwaji, na ba shi tsumma na ce ya goge kamar yadda suke yi a shago. Kafin ya bushe fuskar ta yi hazo. Da na ɗaga shi a hasken taga, ga siraran layuka a gefe suna walƙiya kamar gashin masara. Muka bar shi ya kwana.

Da safe muka harba a gudun da ɗan uwansa ya jure. Ya tsage gida biyu, tsagar ta taso daga gefen da layukan suke ta zo ta sami wurin bugun.

Wannan ya fi duk abin da na gano tun Nuwamba muhimmanci, kuma ba ni na gano shi ba. Da yaron bai zo ba, da na rubuta rahoto a kan sababbin tabarau da aka ciro daga leda, alhali babu mai walda da ke sanye da irinsu bayan mako guda.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Bayan Sallah na sayo ƙarin goma sha biyu na iri ɗaya, cikin masu kyan. Mun raba su huɗu: uku a aljihun tebur, uku an goge da fetur, uku an ƙwarzane da takardar yashi da bakin ƙusa, uku suna kan rufin kwano suna shan rana. Na ƙwarzanen nake sa wa ido, domin polikabonet yana da wannan rauni: in an yi masa tsaga mai kaifi, wurin da zai lotsa sai ya karye. Na kan rufi za su zauna har ƙarshen damina.

Jiya na kai Panteka katakon kan nan da ɓaraguzan, kowane a ledarsa. Ban yi dogon bayani ba, na jera su a kan benci. Mutane suka taru. Ogan ɗan yayata, dattijo ne da ya fi shekara talatin a sana'ar, ya ɗauki wanda aka goge da tina ya daɗe yana kallonsa a rana. Sannan ya ce, "To Malam, in ba tina ba da me za mu goge? Fenti ba ya fita da ruwa."

Na ce, "Baba, ruwa da sabulu ga datti. Ga fenti kuwa ban da amsa tukuna."

Ya ce su a hular walda akwai farin falle mai arha da suke sawa gaban baƙin gilashi, in ya lalace a cire a jefar. Ya tambaya ko ba za a yi wa tabarau haka ba, ko da da jikin gorar ruwa ne. Ina da ragowar gorunan nan a danne ƙarƙashin littattafai tun Disamba, kuma na riga na san yadda PET ke lotsawa. Abin da za a duba shi ne ko fallen zai dagula gani, da kuma ko zai ɓalle ya zama nasa tsinin idan ƙwaya ta same shi.

Ɗalibar ta zana yadda za a yanka shi ya zauna a kan firam. Ranar Litinin za mu fara da guda biyar. Kafin nan sai na canza robar bawul, ta sake yoyo, kuma ƙwayoyin boris saura bakwai.